Farin Layi a Damtse

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Santsin banɗaki ne ya kwashe wata mai ɗinki ta faɗi a kan hannun hagu, kafin azahar mijinta ya kawo ta ɗakin hoton ƙashi na asibiti.

Ba karayar ce ta dame ta ba. A cikin damtsen nan akwai ashanar fata, 'yar robar tazarar haihuwa da ta sa a ɓoye shekara guda da ta wuce. A haihuwarta ta biyar jini ya ɓalle mata, ta sha da ƙyar, likita ya ce ta shida na iya zama ajalinta. Mijin ya ce likita ba Allah ba ne, ya rufe zancen. Ita kuwa tsoron mutuwa take, ta je ita kaɗai. Ƙawarta ta rantse mata cewa roba ba ta fitowa a hoto.

Mai ɗaukar hoton, wanda abokan aikinsa ke kira Rediyo, mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya da linzami. Ya kwantar da hannun a kan faranti mai sanyi, ya ce kada ta motsa. Da ya gama, ya kira mijin gaban allo.

"Yallaɓai, ka gode wa Allah, tsagewa ce kawai."

"Wannan farin layin fa, kusa da ƙashin?"

Ta ƙura wa Rediyo ido tana roƙonsa da kallo, shi kuwa hankalinsa na kan allonsa, yana murmushi.

"Ai ashanar Hajiya ce, ta tazarar haihuwa. Sabon samfuri ne! Ta da ba ta fitowa, in ta nutse sai likita ya yi ta lalube yana yanka mace a banza. Yanzu suna cakuɗa robar da wani gari mai tare haske. Ka gan ta nan raɗau, cirewa minti biyar."

Sai a lokacin Rediyo ya waiwayo ya ga fuskarta, murmushin ya mutu.

Mijin bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ya gyara mata mayafi a kan kafaɗar da ke ciwo, a hankali, sannan ya dubi Rediyo.

"Minti biyar ka ce? Wane ɗaki ake cirewa?"