Ɗankwali a Hannun Ƙofa

"Kada ki buga, maƙwabciya," in ji mijin Mai Ɗinki, ya tare ƙofar da jikinsa. "Ba ki ga ɗankwalin ba?"

Na gani. Shuɗin ɗankwalin yana ɗaure a hannun ƙofa, kuma kowa a benenmu ya san ma'anarsa: ciwon ɓarin kai ya kama Mai Ɗinki, ta saki labule, ta zauna a ƙasa tana bin numfashinta. Ba bugun ƙofa, ba rediyo. Har masu kawo ɗinki sun iya juyawa da sanɗa.

Wata nas ce ta koya mata, bayan ta sha ƙwayoyi har ta gaji. A ja numfashi a hankali, a sake shi, a sunkuyar da kai kamar mai gaida suruki, a juya wuya sannu sannu. Na sha yi mata dariya, har ranar da nawa ciwon ya kayar da ni, ta zo ta zaunar da ni. Ta ce kada in yi kokawa da shi, baƙo ne, in ba shi wuri zai gaji ya tafi. Kuma yakan tafi.

Amma da safen ranar a matakala na ga almakashi ya suɓuce mata, ta kasa ɗauka. Kullum sai ta ga walƙiya a ido kafin ciwon ya iso. Ranar babu.

"Baƙon nawa bai yi sallama ba," ta ce, harshenta yana nauyi. "Kamar an buga min guduma."

Bango ɗaya ya raba ɗakunanmu. Na san sautin dogon numfashinta kamar yadda na san ƙarar keken ɗinkinta. Abin da na ji ranar minshari ne mai kauri, sai kuma shiru.

Mijin, direba ne mai haƙuri, ya ce ya yi mata alkawari ba zai taɓa katse ta ba. Na ce to ni ban yi ba. Na tura ƙofar.

Tana kwance a gefe ɗaya, tafinta a kan ciki, yadda take koya mana. Na kira ta, na girgiza ta, ko motsi.

A asibiti suka ce jijiya ce ta fashe a kanta, ba irin ciwon da ta saba ba ne. Kafin rana ta yi sanyi ta cika. Mijin ya tambayi likita ko da an buɗe da wuri za ta tashi. Likitan ya dafa kafaɗarsa kawai.

Jiya nawa baƙon ya zo. Na ga walƙiyar, amma tsoro bai bar ni ba. Na zauna a ƙasa, na ɗora tafi a ciki, na tokare ƙofata da takalmi, na bar ta a buɗe. Hasken yana sukar idona. Daga inda nake ina hango ɗankwalin, har yanzu babu wanda ya kwance shi.