Sarƙar Bahago

Rediyo ya faɗa da hantsi: duk mai niyyar haye dutse zuwa birnin Coyhaique ya haye gobe da safe, don ƙanƙarar da ke tafe za ta rufe hanya, kuma ba wanda ya san ranar buɗewa. Froilán Oyarzo ya ajiye ƙoƙon shayin mate, ya dubi 'yarsa Noelia a gefen murhu, ta miƙe kumburarrun ƙafafu. Ta shiga watan haihuwa. Ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta riga ta gaya musu ba ɓoye-ɓoye: ɗan a gicciye yake, ba haihuwar gida ba ce, sai asibitin birni. Mijin Noelia yana can teku wajen aikin kifi. Saura uba da tsohuwar a-kori-kurarsa.

Ya fita rumfar mota ya hau shiri. Shebur. Buhunan yashi a baya, daidai kan tayoyi, don mota ta yi nauyi ta kama ƙasa. Gatari da busasshen itace, jarkar mai, buzun tunkiya, barguna, ashana a cikin kwalba. Daga ƙarshe ya sauko da sarƙoƙin taya daga ƙusa ya shimfiɗa. Ta dama lafiya lau. Ta hagu tsatsa ta gama da ita, ta tsinke a tsakiya. Ya ɗaure da waya ya ja, ta sake tsinkewa a wani wurin.

Sarƙa ɗaya a hanyar nan ta fi babu haɗari. Taya guda ta kama, guda ta sulɓe, mota ta juya ta nufi rami. Ya zagaya maƙwabta. Mai irin tasa ya tafi da motarsa, wanda ya rage tasa ta tirela ce.

Da la'asar sai ga Ruperto, ƙanin Herminda matar Froilán, bisa doki da buhu a gaba.

"Mijin yaya! An ce kana bi gida-gida kana roƙo kamar mai neman aure."

"Kai ma an ce kana bi gida-gida kana sansana inda aka sauke tukunya. Shiga, yayarka na suyar burodi."

"Sai ka fara gode mini."

Ya zazzage buhun. Sarƙa ce mai nauyi, ƙirar da, ba ɗigon tsatsa. A bakin ƙugiyarta an ɗaura jan ƙyalle, ƙugiyar kuma an lanƙwasa ta yadda sai da hannun hagu take rufuwa. Froilán bai taɓa ta ba. Kowa a kwarin nan ya san ta.

Ta Baldomero Bahago ce, direban motar itace. Wani hunturu motarsa ta faɗa rami a kwanar farko ta hawan dutsen, da sarƙa a taya ɗaya, nan ya rasu. Ɗayar an tsince ta a shimfiɗe kan ƙanƙara a bakin hanya. Matarsa ta gina masa animita a wurin, ɗan ɗakin kwano da bai fi akurkin kaza ba, da gicciye a sama, ta rataye sarƙar a jiki. Direba ba ya wucewa bai danna hon ba. Wani ya ajiye taba, wani kyandir. Wanda hanya ta ritsa da shi yana iya aron ashana ko kyandir a wurin, amma sai ya kira mamacin da sunansa, ya bar wani abu nasa a madadi har ya mayar.

"Me ka bar masa?" in ji Froilán.

"Wa?"

"Mai sarƙar."

"Haba mijin yaya! Mutumin da ya zama ƙasa tun ina da gashi a ka? Mota gare shi a can?"

"Ka yi masa magana?"

"Na gaishe shi, bai amsa ba. Girman kai."

Herminda tana bakin ƙofa da gari a hannu. Ta yi alamar gicciye a ƙirji. "Kai dai Ruperto har ka mutu ba za ka yi hankali ba. Hau dokinka ka mayar masa."

"Ba za a mayar ba," in ji Froilán. "Da ita za mu hau. Gobe zan tsaya in bar masa wuƙata."

"Tsoho..."

"Kina da wata sarƙar a madafa?"

Ba ta da ita. Ya sa Ruperto ya mayar da sarƙar cikin buhu, ya rataye tasa tsinkakkiyar a ƙusa, ya sa wa rumfar kwaɗo, makulli a aljihunsa.

Gari ya waye tsit. Ƙanƙara ta zuba ta tsaya, ko iska babu. Karen gidan, wanda kullum ke riga shi zuwa mota, ya maƙale ƙarƙashin dakali ya ƙi fitowa. Daga ƙofar gida zuwa rumfa fari fat, ba sawun kowa. Kwaɗo na nan a rufe.

Ya buɗe. Sarƙar Bahago tana ɗaure a tayar hagu, tamau, jan ƙyallen na lilo. Buhun an ninke shi an ajiye kan bonet. Ta dama tana ƙasa inda ya bar ta.

Froilán ba mutumin tsoro ba ne, mutumin lissafi ne, sai ya tsaya ya yi lissafi. Ba a sa wa taya sarƙa sai an gusa da mota ko an ɗaga ta da jak. Motar tana inda ya ajiye ta, jak yana ƙarƙashin buhunan yashi. Ya koma ya leƙa ta taga: Ruperto na sheme gefen murhu yana minshari, takalmansa a bushe. Ya dawo ya durƙusa ya kama ƙugiyar zai kwance. Sanyinta ya ƙone masa yatsu kamar wuta, ko motsi ba ta yi ba.

"Baba."

Noelia ce a bakin rumfa, hannu a ƙugu, leɓɓanta sun yi fari. "Baba, ciwon ya fara."

Ya saki ƙugiyar. Ya gusa da mota ya ɗaura ta daman. Herminda ta fito da kwandon burodi da tulun ruwan zafi, ta dubi tayar, ta dube shi.

"Yaushe ka tashi ka ɗaura wannan?"

"Shiga mota, tsohuwa."

Su uku suka matse a gaba. Ba wanda ya riga su bin hanyar, sai sandunan gefe ke nuna inda take. Sarƙoƙi na ƙara ƙarƙashinsu, caras, caras. A kwanar farko ya tsaya ya sauka, ƙanƙara har gwiwa.

Kyandir na ci a cikin animitar. Ba sawu ko ɗaya a kewaye. A jikin gicciyen kuma, inda ta Bahago ta saba zama, ga tasa tsinkakkiyar a rataye, da wayar da ya murɗa jiya da hannunsa.

Ya cire hula. Ya zaro wuƙarsa daga ƙugu ya ajiye gefen kyandirin.

"Maigida Baldomero, Froilán ne, ɗan gidan Oyarzo. Aro ne. An ɗauka ba a tambaye ka ba, ka yi haƙuri. 'Yata ce a mota."

Ya koma ya danna hon, ya sa giya.

Hawan ya yi tsauri. Can kusa da ƙoli, inda hanya ke bin bakin rami, bayan motar ya zame. Tayar dama ta hau juyawa a banza, Herminda ta ƙwalla ƙara, Froilán ya ga ramin ya cika gilashinsa. Sai tayar hagu ta cije. Motar ta tsaya cik kamar an riƙe ta da hannu, sannan a hankali ta miƙe ta koma kan hanya.

Noelia na kallon madubin tsakiya, gumi a goshinta.

"Baba, wa ke baya?"

"Buhunan yashi ne."

"Baba, da hula..."

"Dubi gabanki, 'yar nan. Ki yi numfashi."

Shi kansa bai ɗaga ido ga madubin ba har suka gangara.

A gindin dutsen motar sharar ƙanƙara ta riga ta bi, kwalta ta fito baƙi. Nan ake cire sarƙa. Ya kwance ta dama ya jefa baya, ya zagaya hagu. Tayar tsirara take. Ya waiwaya: sawun sarƙa biyu ne suka gangaro daga sama, gefe da gefe, har zuwa bakin kwaltar. Noelia ta yi nishi mai ƙarfi. Ya shiga ya taka mai.

Kafin la'asar aka yi mata aiki aka ciro namiji, da ita da shi lafiya. Da yamma ƙanƙarar ta sauko ta rufe dutsen.

Da hanya ta buɗe ya koma gida, washegari ya ɗauki Ruperto suka je kwanar. Sarƙar Bahago na rataye a wurinta, da laka a jiki. Kusa da ita ga tasa. Ya duba inda ta tsinke bai gani ba, wayar ma babu. Wuƙarsa na nan gefen kyandir. Ya ɗauke ta, ya kunna taba ya ajiye.

"Ka gani ko?" in ji Ruperto, amma muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba don ni ba... To ɗauko taka mana, ai ta gyaru."

"Bar masa. Yanzu ya samu biyu."

"Kai kuma fa?"

"Zan nemi wata. Rufe bakinka ka je ka danna hon."