Kujerar Gaba a Jirgin Damagaram

Zeinabou ta zaro metir ɗinta na ɗinki daga jaka, ta ɗora shi a kan teburin matar da ke sayar da biye, wato tikitin jirgin sama, sannan ta maimaita tambayarta.

"Ni dai abin da nake son sani, madam, kujerar tana kwantawa? In tana yi, iya ina take kaiwa?"

Matar, wadda aka rubuta Anisa a ɗan allon da ke gabanta, ta dubi metir ɗin ta dubi Zeinabou. Da gani ba a taɓa shigo mata ajans ɗin nan, ofishin sayar da biye na bayan kasuwar Petit Marché, da abin awo ba. Ta juyo da fuskar odinata, wato kwamfuta, yadda za su gani tare.

"Bari in yi miki bayani, hajiya. Kamfani biyu ne ke zuwa Damagaram. Balbela ranar Alhamis, Shamuwa ranar Lahadi. A kujerun gaba na Balbela, wato klas afer, fata ce aka shimfiɗa, kuma akwai ɗakin jira mai sanyi, ga kaya har kilo talatin. Su kuwa Shamuwa kujerun gabansu huɗu ne kacal, da labule tsakaninku da sauran mutane. Suna ba da shinkafa da kaza da zafinta, kuma ku ne farkon sauka."

Wani mutum mai ƙaton ciki cikin shadda ruwan toka, da ke jiran a buga masa takarda, ya tsoma baki.

"Kada ki kuskura ki shiga Balbela, hajiya. Wancan watan lemon da suka ba ni da ɗumi yake kamar ruwan wanka. Shamuwa sun fi sanin darajar mutum, har tawul mai zafi suke ba ka."

Zeinabou ta gyaɗa masa kai don ladabi. Ba lemo ya kawo ta ba.

Yayanta Isma'ila ne ke kwance a ɗakinta a unguwar Lazaret. Shekara ashirin da shida yana tuƙin kamyo, babbar motar kaya, babu garin da bai kwana ba daga nan har Agadas, sai ga ciwon daji ya kama shi a ƙashin baya. Makon jiya lokotoro, wato likita, ya sallame su, ya ce su kai shi gida ya huta, kowa kuma ya gane abin da ake nufi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba su haihuwa ba. Abu ɗaya ya rage masa: ya ga mahaifiyarsu, Inna Saratu, da ke Damagaram, wadda idonta ya rufe shekara bakwai ke nan. Tun da ya sayar da gonar mahaifinsu ba da saninta ba, suka yi baram-baram, bai ƙara kwana a gidanta ba. A salula ta ce ta yafe, amma kunnenta ya yi nauyi, rabin maganarsa ba ta ji. So yake ya roƙe ta gafara tana kusa da shi.

Lokotoro ya ce awa goma sha biyar a mota, ko a kwance ne, ramukan hanya za su ƙarasa shi kafin Konni. Sandika, ƙungiyarsu ta direbobi, ta ce Zeinabou ta je ta zaɓi kujerar da ta fi kowace a jirgi, su ke da biya. Shi ya sa ta rufe shagonta a wannan Litinin ɗin ta taho.

Da ta gaya wa Anisa haka a taƙaice, sai mai shadda ya shiga duba salularsa. Anisa ta kira wata ƙawarta da ke aiki a cikin jirage, ta daɗe tana saurare, tana rubutu a bayan ambulan.

"Ta Balbela tana komawa baya santimita goma. Ta Shamuwa sha uku. Amma lokacin tashi da lokacin sauka dole a miƙar da ita. Tafiyar awa biyu ce."

"Ba a shiga da mutum a kan gadon marasa lafiya?"

"Jiragen ƙanana ne, hajiya. Ƙofar ma ba za ta bari ba. Ki yi haƙuri."

Zeinabou ta ja metir ɗin, ta dafe sha uku da babban yatsa. Ko tsawon hannun rigar jariri bai kai ba. Ta nannaɗe abinta, ta yi godiya, ta fito cikin rana da ƙarnin kifin kasuwa.

Bayan la'asar Malam Zubairu ya zo, abokin Isma'ila tun suna karen mota, yanzu shi ne sakataren sandika. Suka fito da kujerar falo tsakar gida, suka jingina ta da bango. Zeinabou ta auna, Zubairu ya cusa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gaba har bayanta ya karkata daidai sha uku. Sannan suka ɗauko Isma'ila a cikin bargo. Mutumin da a da shi kaɗai ke ɗaga tayar kamyo, yanzu ko buhun gawayi ya fi shi nauyi.

"To, direba, ja mu je," in ji shi da suka zaunar da shi, yana ƙoƙarin murmushi. "Ƙanwata, ki ce da su ni ban shan lemo mai ɗumi."

Ta riga ta ba shi labarin mai shadda. Ta yi dariyar dole, ta danna agogon salula.

Minti biyar na farko yana ta zuba, yana lissafa musu inda ake samun tsire mai kyau a Dogon Dutsi da mai shayin da ke ba direbobi tabarma a Madawa. A minti na tara maganar ta yanke. Zufa ta karyo masa, ta jiƙa wuyan rigarsa. A na sha huɗu ya kama hannun kujerar har jijiyoyin hannunsa suka miƙe, ya cije leɓe.

"Yaya, a sauke ka."

"Bari."

"Isma'ila, ya isa haka," in ji Zubairu.

"Na ce ku bari!"

A minti na sha tara ya yi wata ƙara da Zeinabou ba ta taɓa jin irinta daga bakin babban mutum ba, kansa ya langaɓe. Matar maƙwabta ta leƙo ta katanga tana salati. Suka mayar da shi katifa, suka yayyafa masa ruwa. Da ya farfaɗo, ya juyo da ido wajen abokinsa.

"Zubairu, a lissafinka ina muka kai?"

Zubairu ya sunkuyar da kai. "Dosso."

"Dosso," in ji Isma'ila. "Ko man da ke tanki ba mu taɓa ba."

Washegari suka sake gwadawa bayan majo, ma'aikacin asibiti, ya zo ya yi masa allurar kashe zafi. Minti goma sha biyu ya yi. Zeinabou ta kwashe bulon ta jefar bayan ɗaki, ta zauna a bakin murhu ta yi kuka ba sauti, don kada ya ji.

Shi ne ya kira ta da kansa.

"Zeinabou, tunda ni ban iya zuwa, a ɗauko Inna. A sa ta a kujerar nan ta masu kuɗi."

Ba wanda ya kawo wannan a ransa tun farko, don Inna ta haura tamanin, ba ta gani, ga hawan jini da kumburin ƙafa, kuma ko Maraɗi ba ta taɓa zuwa ba. Zeinabou ta kira Malam Sadiƙ, ɗan ƙanwar Inna da ke kula da ita, ya kanga wa tsohuwar salula a kunne, aka yi ta ɗaga murya har ta fahimta.

"Ko a bayan shaho ne ku ɗora ni," in ji Inna.

Ranar Laraba da safe Zeinabou ta koma wurin Anisa, aka yanki biyen Balbela na Alhamis. Da yamma saƙo ya shigo: jirgin ya sami matsala, an soke tashin, sai wani mako. Anisa ta kira da kanta, ta ce akwai kujera ɗaya da ta rage a gaban Shamuwa ranar Lahadi, ta riƙe musu.

Zubairu bai yarda ba. Ya tsaya a ƙofar ɗaki yana magana ƙasa-ƙasa.

"Zeinabou, ki dubi mutumin nan da kyau. Ruwa ma da cokali yake sha. A sa Inna a kar, babbar motar fasinja ta gobe da asuba, Sadiƙ ya rako ta, gobe da dare tana nan zaune kusa da shi."

"Awa goma sha biyar, Malam Zubairu. Da wannan ƙafar tata? In ta faɗi a hanya fa? In rasa biyu?"

Ashe Isma'ila yana jin su.

"Kada a sa uwata a hanyar nan," ya ce. "Na san kowane rami da ke cikinta. Na wahalar da ita da yawa. Kwana huɗu ne, zan jira."

Zubairu ya dubi Zeinabou, don maganar a hannunta take. Ta san da ta ce a sa Inna a kar, Isma'ila ba shi da ƙarfin musu. Ta tuna kujerar gaba da labule da awa biyu kacal, ta tuna ƙafafun Inna.

"Lahadi," ta ce.

Ya kuwa jira iya ƙarfinsa. Alhamis ya sha kunu cokali uku. Juma'a ya sa aka yi masa aski, aka fito da farar rigarsa aka goge. Asabar bai ƙara magana ba, sai dai duk lokacin da jirgi ya wuce ta saman unguwa idonsa ya motsa. Ranar Lahadi da hantsi, Zeinabou tana ɗiga masa ruwa a leɓe, numfashin ya fita bai dawo ba.

Ana cikin yi masa wanka Sadiƙ ya kira daga filin jirgin Damagaram. Labari ya riga ya kai masa ta bakin direbobi.

"Ga mu a ɗakin jira, an ba ta shayi tana sha. In gaya mata? In mayar da ita gida?"

Zeinabou ta jingina da bango. A tsakar gida mata sun fara cika, ana shimfiɗa tabarmi.

"Kada ka gaya mata. Ka sa ta a jirgin."

"Zeinabou, anya?"

"In ta ji a nan, wa zai riƙe ta? Ka bari ta zo wurina."

Da zafin da ake yi ba a iya jira ba. Bayan azahar maza suka ɗauke shi zuwa maƙabartar Yantala. Zubairu ya dawo da ƙasa a gwiwar wandonsa, ya ari motar wani, ya kai Zeinabou filin jirgi.

Inna ce ta fara fitowa, wani ma'aikaci yana turo ta a keken marasa lafiya. Ta sha sabon lulluɓi, ta rungume wani ƙunshi a cinya. Zeinabou ta durƙusa ta kama hannunta, tsohuwar ta shafa fuskarta ta gane ta.

"'Yar nan, ashe haka masu kuɗi ke ji! Wata yarinya ta goge mini hannu da tsumma mai ɗumi, sai ka ce jaririya. Ban gama jan carbi uku ba aka ce mun iso. Ga kaza nan sun ba ni, ban taɓa ba, na ce su ƙunsa mini. Isma'ila yana son cinya tun yana yaro. Yana iya cin abinci dai ko?"

"Mu je mota, Inna."

Suka zauna a baya, hannun Inna cikin nata. Tsohuwar tana ta labari: yadda kunnenta ya toshe, yadda ta ce da yarinyar ɗanta direba ne, ya fi matuƙin jirgin sanin hanya. Da suka shigo gari suka kai mararraba, Zubairu ya rage gudu, ya dubi Zeinabou ta madubi.

"Yantala, Malam Zubairu," ta ce.

Wannan kam Inna ta ji.

"Yantala kuma? Ba a Lazaret kuke ba? Kun ƙaura ne?"

Zeinabou ta kai bakinta daidai kunnen uwarta.

"Shi kaɗai ya ƙaura, Inna. Ɗazu da hantsi."

Tsohuwar ba ta yi ihu ba. Leɓenta ya yi ta motsi da innalillahi, sau uku, sau huɗu. Ƙunshin ya zame daga cinyarta ya faɗi ƙasan mota, ba wanda ya ɗauka. Sannan ta juyo wajen Zeinabou.

"Sadiƙ ya ce mini an yi maganar kar ta ranar Alhamis. Da na hau, da na same shi?"

Zubairu ya yi gyaran murya. "Inna, komai da lokacinsa, Allah ya riga ya..."

"Ba kai na tambaya ba, ɗana."

Zeinabou ta dubi idanun da ba sa ganinta. Ƙarya ɗaya ta ishe ta, kuma Zubairu ba zai tona ba.

"Da kin same shi, Inna. Har aski ya yi ranar Juma'a. Ni na ce a jira jirgi."

Inna ba ta saki hannunta ba har motar ta tsaya a ƙofar maƙabarta.