Tsani a Bakin Turaku

Da a ce raini amfanin gona ne, da Merv Nuske ya fi kowa cika rumbu a duk yankin Wimmera. Ya raina gwamnati, ya raina masu hasashen ruwan sama, ya raina duk alƙalin wasan da ya taɓa busa usur a filin ƙwallon Tarranook. Amma rainin da yake yi wa mutanen Binnagil, garin da ke gaba da su kaɗan a kan hanyar jirgi, wannan na musamman ne, a wurin ubansa ya gaje shi.

Sai ga shi bana an haɗe ƙungiyoyin garuruwan biyu. Samari sun ƙare, wasu sun tafi Melbourne, wasu sun faɗa ramukan ma'adinai na yamma. Bara sai da Tarranook ta saka mai gyaran famfo, mai furfura da tumbi, kafin ta cika mutum goma sha takwas a fili, adadin da ake buƙata a irin ƙwallonsu, wadda ake cafkewa da hannu a buga da ƙafa. Masu gasar suka ce ko a haɗe ko a rufe. Aka haɗe, kowa yana toshe hanci.

Ran wata Lahadi da la'asar, bayan an gama girbin alkama, mutum uku suka zauna a ɗakin ƙungiya don su fitar da 'yan wasan farko na kakar da ke tafe. Merv ne wakilin Tarranook. Wakilin Binnagil kuwa Fergus Quigley, mai kiwon tumaki, mai sanƙo da yawan fara'ar da Merv ya ɗauka alamar rashin hankali ce. Na ukunsu sabon koci ne, Rhys Mulvaney, malamin motsa jiki da aka ɗauko daga Ballarat, yaro mai gajeren wando da ladabin da ya yi yawa. An jingine allon ƙarfe a bango, an zana fili a kansa, sunayen 'yan wasa kuma suna manne a gefe a kan ƙananan maganaɗisu. Sharaɗin zaman ɗaya ne: babu sunan da zai hau fili sai duk ukun sun yarda. Merv ne ya kafe a kan wannan sharaɗi, don kada a cusa masa tarkacen Binnagil.

Suna ɗaya ne ya kawo shi, ko da yake ko wuƙa aka sa masa ba zai faɗa ba. Ɗansa Trent, ɗa ɗaya tilo, ya shekara goma yana tsaye a bakin turakun abokan hamayya yana ci wa Tarranook ƙwallo. Yanzu wani kamfanin ma'adinai ya kira shi aiki. Trent ya faɗa wa uban a kan abinci, ba tare da ya ɗaga kai daga faranti ba, cewa idan yana cikin 'yan farko zai zauna, idan kuwa an tura shi cikin 'yan na-biyu, masu wasan tsakar rana a gaban karnuka da tsofaffi, to zai tafi. Merv ya ce masa ya miƙo gishiri. Amma shi tsohon ya san ƙugunsa ya gama aiki, ya kuma san gonar nan ba ta nomuwa da mutum ɗaya.

Aka fara da 'yan baya. Koci ya ɗauko wani suna daga ɓangaren Binnagil.

“Wannan?” in ji Merv. “Yaron da in ƙwallo ta taho yake rufe ido? Ku sa shi sayar da tikiti a ƙofa, can ba abin da zai faɗo masa a ka.”

“Haba tsoho,” in ji Fergus, “shi ne fa ya hana naku motsi bara.”

“Namu yana da mura ranar.”

“Duk shekara da mura yake zuwa garinmu ke nan.”

Merv ya yi tsaki, ya ɗaga hannu, sunan ya hau. Haka aka yi ta yi. Babu wanda ya wuce ba tare da Merv ya yaye masa zane ba. Wannan ƙafarsa ta hagu ta ado ce. Wancan ya fi gudu in an buɗe firjin giya. Dogon ɗan wasan tsakiya na Binnagil kuwa, wai tsawon ne kawai Allah ya ba shi, ya hana shi sanin abin da zai yi da shi. Ko 'yan Tarranook bai ƙyale ba, don shi rainin Merv ba ya tambayar mutum garinsu in ya tashi. Kocin yana ta murmushin yaƙe yana manna sunaye, gumi yana bin ƙeyarsa, ƙudaje suna zagaya ragowar burodi da naman da matar Fergus ta aiko.

Amma duk ya bari sun wuce. Tara bashi yake yi. Lissafinsa shi ne in ya ba su baya, ya ba su tsakiya, to in an zo bakin turaku kunya za ta kama su.

A can ne matsalar take, don gurbi ɗaya ne, mutum biyu. Binnagil suna da Kieran Abela, ɗan wani mai askin tumaki, siriri, shekararsa ashirin, in ya yi tsalle sai mutane su miƙe tsaye. Trent kuwa faɗi gare shi kamar ƙofar rumbu, amma gwiwoyi sun tafi. Merv ya gani da idonsa bara, ƙwallo tana wuce saman kan yaron yana kallonta. Ya ɗora laifin a kan iska.

Ya gyara zama, ya shirya faɗa. Sai koci ya ɗauko sunayen biyu a lokaci guda. Ya manna na Kieran a bakin turaku, ya manna na Trent a gabansa kaɗan.

“Duka biyun za su buga,” in ji shi cike da murna. “Ku duba. In an bugo ƙwallo sama, Trent zai tsaya a ƙarƙashinta, ya tokare 'yan bayansu da jikinsa. Babu mai iya ture shi a duk gasar nan. Kieran ya sheƙo daga baya, ya dafa gwiwa a kafaɗarsa, ya cafke a sama. Doka ba ta hana hawa ɗan'uwanka ba. Kun ga Trent ya zama masa tsani ke nan.”

Koci ya juyo yana jiran a yaba masa.

Bawan Allah bai san abin da ya taka ba. Sama da shekara talatin da suka wuce, a wasan ƙarshe na cin kofi, ana dab da tashi, ƙwallo ta taho sama Merv yana tsaye yana jiranta. Fergus Quigley, a lokacin da gashinsa, ya taka bayansa, ya hau kafaɗunsa, ya cafke, ya sauko ya buga ta tsakanin dogayen turaku. Binnagil ta ɗauki kofi. Wani mai ɗaukar hoto ya kama abin, kuma har yau hoton yana rataye a mashayar Binnagil: Fergus a sama, Merv a ƙasa baki buɗe. Tun daga ranar sunansa a wancan garin Tsani. A Tarranook kuwa an daina furta kalmar a gabansa. Ko matarsa, in za ta gyara labule, cewa take a miƙo mata abin hawa.

Fergus ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ya yi iya ƙoƙarinsa, a ba shi wannan. Amma gefen bakinsa ya motsa, kuma Merv ya gani.

“Me na ce?” in ji koci, yana duban wannan yana duban wancan.

“Merv, yaron nan baƙo ne, bai sani ba,” in ji Fergus.

“Shi bai sani ba. Kai fa?” Merv ya miƙe, ƙugunsa ya ce ƙas. “Kai ka kitsa masa. Hoto ɗaya bai ishe ku ba, kuna neman na biyu ku rataya a gefensa. Uba a ƙasa, ɗa a ƙasa.”

“Wallahi ba ni na kawo maganar ba.”

“Rantsuwar ɗan Binnagil!” Ya ɓamɓare sunan Trent daga allon. “Ko ya tsaya a bakin turaku shi kaɗai kamar yadda ya saba, wannan ɗan tsakon ya koma benci, ko kuwa babu.”

“Ba zan ajiye Kieran ba,” in ji Fergus, fara'ar ta ɗauke. “Babu wanda ya kai shi cin ƙwallo bara, ka sani na sani. Ka yi tunani, mutumina. In ka cire yaronka daga nan babu inda zai shiga. Ba ya iya gudun tsakiya, ba ya iya juyin baya. Wannan gurbin domin shi aka yi shi.”

“Dattijo, don Allah,” in ji koci, “ka bari in yi maka bayani, ai shi kansa—”

“Kai rufe min baki. Je ka koya wa 'yan makaranta tsallen igiya.”

Ya jefa sunan cikin kwalin 'yan na-biyu, ya ɗauki hularsa. Yana fita yana jin wani irin daɗi, daɗin mutumin da ya tofa wa maƙiyinsa yawu ba a rama ba. Sai da zafin waje ya doke shi a fuska, ya hango motarsa ta ɗaukar kaya a ƙarƙashin bishiya, daɗin ya fara tsami.

Trent yana zaune a bayan motar, ƙafafu suna lilo, ƙwallo a cinyarsa. Ya tuɓe riga ya rataya a wuya. Kafaɗunsa duk tabo ne, wasu ja, wasu sun koma shuɗi. Can ƙarshen fili wani siririn yaro yana tattara ƙwallaye a jaka.

“Yaya, Baba? An gama?”

Merv ya tsaya yana gyara hular da ba ta karkace ba. Ƙarya ba halinsa ba ce, don ya raina mutane da yawa da har zai tsaya yi musu ita. Amma yau ta zo masa da sauƙi.

“Sun cire ka. Quigley ne ya ƙi. Ai na gaya maka, mutanen nan ba a haɗa kwano da su.”

Trent ya ɗago ya dube shi.

“Quigley ya yarda tun ranar Laraba,” in ji shi. “A gabana.”

“Ya yarda da me?”

“Da tsarin. Ni na kai wa koci, Baba. Tun bayan Kirsimeti ni da Kieran muke gwadawa a nan, kana tsammanin ina wurin gyaran shinge. Gwiwata ba ta tashi, ka sani, ko da ba ka taɓa faɗa ba. Amma bayana yana nan. Jiya ya hau ni ya cafko wadda ko a kan mota ka tsaya ba ka kai ta.” Ya ɗan yi dariya, sannan dariyar ta mutu. “Koci ya yarda, Quigley ya yarda. Mutum ɗaya ya rage a ɗakin can.”

Merv ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Kunya ce, amma da yake bai saba da ita ba sai ya ɗauka fushi ne.

“Ka san abin da za su riƙa kiranka?”

“Sun riga sun fara. Ina amsawa.”

“Kana amsawa!”

“To me? Su kira ni tsani, su kira ni jaki. Ina cikin fili ranar Asabar, ana rera waƙar ƙungiya ina cikin da'ira. Ni abin da nake so ke nan, Baba, shekara biyu ko uku kafin jikin ya ƙi gaba ɗaya.” Ya nuna ɗakin da haɓa. “Ga su can ba su tashi ba. Kalma ɗaya ce. Ka koma ka ce ka yarda.”

Merv ya juya. Ƙofar tana buɗe. Ta taga yana hango sanƙon Fergus da hannun koci a kan allo, sun tsaya cirko-cirko, ba su cike gurbin ba. Jiransa suke yi. Wannan jiran ne ya fi komai ƙona masa rai, don ya san da wace fuska Fergus zai karɓe shi. Ba dariya zai yi ba. Tausaya masa zai yi, ya ce haba ba komai, ya jawo masa kujera. Ya tuna shuka tana tafe, ya tuna ƙugunsa, ya tuna gidan in babu takun yaron nan a ciki. Ƙafarsa ta dama har ta ɗaga.

Sai ya mayar da ita.

“Ɗan Nuske ba ya duƙa wa ɗan mai askin tumaki,” in ji shi. “Ba dai da yawuna ba.”

Trent ya gyaɗa kai a hankali. Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ya fi wa Merv sauƙi. Ya sauko daga motar, ya sa rigarsa yana ɗan cije baki lokacin da ta goge kafaɗar, ya ajiye makulli a kan murfin injin.

“Ga shi, Kieran zai sauke ni,” in ji shi. “Gobe da safe zan kira mutanen kamfanin. Ka fara neman wanda zai ja maka tarakta tun yanzu, Baba, don duk garin nan ban san wanda ka bari da zai yarda ya zo ba.”

Ya sa ƙwallon a hammata, ya bi ta tsakiyar fili yana ɗan ɗingishi.