Kurɓin Farko

Mijina Malachy mutumin kirki ne, amma idan ya ɗaure fuska sai ka rantse da ita aka haife shi a ɗaure. Tun da ɗanmu Nanven ya ajiye karatun famasi ya kama aikin zaɓa wa mutane giyar inabi a wani gidan abinci a tsakiyar Greensboro, uban ya daina yi masa magana. Ba zagi, ba faɗa. Idan Nanven ya bugo waya, sai uban ya miƙo mini, ya fita bayan gida duba tumatirinsa. Da ɗan ya gaji, shi ma ya ɗauke ƙafa daga gidanmu da ke McLeansville. Aka bar ni a tsakiya, ina dafa abincin mutum uku, mutum biyu na ci.

Ba wai Malachy ba ya sha ba ne. Ɗan Katolika ne, yakan taɓa ranar Kirsimeti ko wajen biki. Abin da ke cin ransa daban ne. Da burkutu uwarsa ta yi masa makaranta a Langtang, kuma ya tashi yana ganinta tana durƙusawa tana miƙa ƙwarya ga mazan da ba su kai ta daraja ba. Ya ce bai ƙetaro teku don jininsa ya sake tsayawa a kan wani da kwalba a hannu ba. Na fahimce shi sarai. Amma ɗa ɗaya gare mu, kuma ina kallo shirun nan yana neman zama hali. Tsorona kada su saba da rashin juna.

Da ranar tunawa da aurenmu ta zagayo, na ce bana ni zan zaɓi inda za mu ci abinci, ni kuma zan tuƙa. Ya sa kwat ɗinsa na coci, ya shiga mota yana ta mitar cewa abincin waje ba ya da ɗanɗano. Sai da na faka ya karanta sunan wurin.

"Maman Nanven, kin yi mini wayo."

"Na yi. Sauka mu je, rana ba ta ma faɗi ba."

Ya sauka, don ba ya son a ji mu a titi. Aka zaunar da mu kusa da taga, teburi da farin ƙyalle, kofunan gilashi masu dogon wuya an jera kamar za a sayar. Can sai ga Nanven cikin baƙar riga, da ƙyallen aiki ɗaure a ƙugu. Na riga na gaya masa muna tafe, don haka kai tsaye ya nufo teburinmu.

"Sannunku da zuwa, Baba. Sannu, Mama."

Malachy ya kafa wa takardar abinci ido kamar zai yi jarrabawa a kanta.

"Ki gaya masa naman sa nake so," in ji shi. "A gasa ya gasu. Ban son ganin jini."

Nanven ya ce to. Sannan ya gyara tsayuwa, ya shiga aikinsa da Hausarsa ta ɗan da ya girma a nan, mai tafiya tana tuntuɓe.

"A ƙa'ida, jar giya ake sha da naman sa. Amma ba ita zan kawo ba, don na san abin da ke aljihun Baba."

Na kusa fashewa da dariya. Malachy ba ya zuwa ko'ina sai da yajinsa a cikin 'yar kwalbar magani, har gidan Bature idan an gayyace mu, ya faki ido ya barbaɗa.

"Ja mai ƙarfi idan ta haɗu da yaji, baki wuta yake kamawa, ɗaci kawai za a ji," in ji Nanven. "Zan kawo fara mai sanyi, mai ɗan zaƙi kaɗan. Ita ke kwantar da barkono, naman ya fito."

Uban bai ɗago ba, amma na ga gashin bakinsa ya motsa.

Nanven ya dawo da kwalba, ya nuna wa uban, ya buɗe, ya zuba ɗan kaɗan a gindin kofi ya ja da baya. Haka ake yi a nan: mai teburi ya shinshina, ya kurɓa, idan ta yi masa sai a zuba wa kowa. Malachy ya daɗe yana kallon kofin. Sai ya sa yatsa ya tura shi gefen da ɗansa ke tsaye, ya dube shi ido da ido.

"Kai ka kawo. Fara sha."

Murna da tsoro suka kama ni tare. A wajenmu ba ka miƙa wa mutum abin sha sai ka fara sa baki a gabansa, ya ga ba komai a ƙwaryar, ba komai kuma a zuciyarka. Malachy da ya faɗi haka, ƙofa ya buɗe, irin buɗewar da girman kansa zai iya. Amma na san abin da bai sani ba. Ma'aikacin wurin ba ya sha a gaban baƙi yana kan aiki, ko ɗigo, kuma manajansu ba ta wasa da wannan.

"Baba, sori," in ji Nanven a hankali. "Ina kan aiki. Ba a yarda ba."

Duk bayanin nan bai shiga kunnen Malachy ba. Abin da ya ji kawai shi ne ɗansa ya ƙi. Ya cire ƙyallen da ke cinyarsa ya ninke, ya miƙe tsaye. Nanven kuwa ya ajiye kwalbar ya juya da sauri ya shige kicin, ko waiwaye babu.

"Ba ni makullin mota," in ji Malachy.

Na rungume jakata. "Ni ko ruwa ban sha ba, ba inda za ni."

"Kin gani da idonki."

Na gani, kuma raina ya ɓaci da su duka biyun, har da ni da na haɗa wannan shirme. Tsoho ɗan shekara sittin da wani abu yana tsaye a tsakiyar jama'a yana huci, ni kuma ina roƙon Allah a zuci kada in yi kuka a gaban Turawa.

Ƙofar kicin ta buɗe. Nanven ne, amma babu ƙyallen aiki a ƙugunsa. Bayansa wani dogon abokin aikinsa ne, Lamine, mutumin Nijar.

"Bon, Baba, ku yi haƙuri ku zauna," in ji Lamine, yana ɗan cusa Faransancinsa. "Nanven ya gaya wa manaja ya sauka daga aikin yau. Teburin nan nawa ne yanzu, shi ma baƙo ne."

Nanven bai ja kujera ba. Ya zo gaban ubansa ya durƙusa, a nan kan kafet, mutane na kallo. Ya ɗauki kofin da hannu biyu. Sai dai sabo ya fi ƙarfinsa, sai da ya ɗan juya giyar ya kai hanci tukuna, sannan ya kurɓa, ya miƙa sama.

Malachy ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya zauna, ya karɓa, ya shanye ragowar. Ya yamutsa fuska.

"Wannan ai lemon yara ne."

"Jira nama ya zo, Baba."

"Tashi ka zauna, kana tara mana mutane."

Da Lamine ya kawo naman, Malachy ya fito da yajinsa a fili, karo na farko a ƙasar nan ba ɓoye-ɓoye. Ya barbaɗa son ransa, ya yanka, ya tauna, ya bi da kurɓi. Ya sake yanka, ya sake kurɓa. Bai ce ta yi daɗi ba, kuma wanda ya san Malachy ba zai jira wannan ba. Ya dai raba naman biyu, ya tura rabi gaban ɗansa, ya ce ya rame. Ni ban san abin da na ci ba a ranar, farin ciki ya cika mini ciki.

Muna cikin ci, uban ya goge baki, ya ce kamar ba da gangan ba, "To, malamin giya. Idan tuwon acha ne da miyar kuka fa, wacce za ka kawo?"

Nanven ya yi tunani da gaske, har da ɗaga kai sama.

"Ya danganta da daddawar da Mama ta sa. Sai na ɗanɗana miyar tukuna."

Malachy ya mayar da murfin kwalbar yajinsa.

"To, ai ka san hanyar gidan."