Geron da Ya Jira Babban Baƙo

Laifin Mamuda na Ɗantutture ɗaya ne: gonarsa tana bakin hanyar mota. Shi ya sa Malam Sabitu, malamin gona daga Dutsin-Ma, ya zaɓe ta gonar gwaji, shekara biyu kafin mulkin kai. Aka ja igiya aka shuka gero layi-layi, aka hana shi tsarma wake, aka zuba takin zamani.

Gaskiya gero ya yi kyau. Amma hatsin rumbu ya ƙare tun tsakiyar damina, gidan Mamuda tafasa ake ci da ɗan ƙuliƙuli. Ran da ya wasa lauje, sai ga Sabitu bisa keke.

"Kada ka taɓa ko zangarniya ɗaya. Babban baƙo zai zo daga Kaduna, a tsaye yake son ganinsa."

"Yaushe?"

"Laraba."

"Malam, ko tumu na gasa wa iyali?"

"Ka gasa, ka yi wa hakimi bayani a Kurfi."

Laraba ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta. Maƙwabta suka girbe nasu suka ɗaure, gonar Mamuda kaɗai ta rage a tsaye duk karkarar. Tsuntsayen jan-baki kuwa ba su san Kaduna ba. Suka sauko kamar hadari. Shi da matarsa Rekiya suka wuni suna kaɗa gwangwani har murya ta dushe, suna korar tsuntsu daga abincin da su aka hana su ci.

"Maigida," in ji Rekiya, "ka tambayo mana, ko su ma tsuntsayen hakimi zai kira?"

Mamuda ya murza zangarniya a tafin hannu, ya hura. Ƙaiƙayi.

Ran Laraba ta huɗu Sabitu ya iso da hantsi, ya dubi gonar, ko kunya bai ji ba. Ya sa mai unguwa ya aro dami talatin daga rumbunan mutane, aka jera a bakin hanya yadda za su tare ido. Aka ba Mamuda riga ta aro.

Baƙon ya fito daga mota, takalminsa bai taka kunya ko ɗaya ba. Ya shafa dami, aka ɗauki hoto.

"Ka ga amfanin jin magana ko, Baba?"

"Na gani, ranka shi daɗe."

"To madalla. Baɗi ma da kai za a yi."

Mota na juyawa kowa ya zo ya ɗauki daminsa, mai riga ya karɓi rigarsa. Mamuda ya tofar da yawu a inda tayar ta tsaya. Abin da ya kakkaɓe a gonar duka bai cika ƙwarya uku ba. Ya auna wa Rekiya, ya rataya gafaka, ya kama hanyar cirani tun ba a kai ga yanke dawa ba.