Tabon da Ke Kan Tankin Baba

Baba ya fi shekara ashirin yana goge baburan Turawa kafin ya mallaki nasa. A garejin wani Bature yake aiki a cikin garin Maritzburg, kuma duk shekara in 'yan kulob ɗin tsofaffin babura za su yi jerin gwanonsu zuwa bakin teku, maigidan yakan tafi da shi filin da suke taruwa. A lokacin ana mulkin wariyar launin fata, baƙar fata ba ya taka cikin filin. Baba yakan tsaya a bayan waya da tsumma a hannu, duk wanda fitilarsa ta yi ƙura sai ya turo babur bakin ƙofa ya ce, "Phineas, zo ka share." Alhali sunansa na gaskiya Velaphi Sokhela. Wai sunan ya yi musu nauyi a baki, mutanen da ke kiran sunan kowane ƙarfe a injin Jamus ba tare da sun yi tuntuɓe ba.

Da maigidan ya tattara zai bar ƙasar, ya sayar wa Baba babur ɗinsa, wani baƙin BMW na doguwar tafiya, mai farin layi a gefen tanki da jakunkuna biyu a baya. Baba bai zarce ko'ina da shi ba sai ƙauye wurin kakanmu. Kaka ya yanka akuya, ya ƙona ganyen da muke ƙonawa in za a yi magana da waɗanda suka riga mu, ya fasa matsarmamar akuyar a kan tankin, ya murza ruwan da babban yatsa. Ya ce musu ga abin hawan ɗanku, ku san shi, ku tsare shi a hanya. Irin wannan ba a wankewa, sai an bar shi ya bushe don kansa. Rana ta dafa shi kwana da kwanaki, ya ci fentin, ya bar tabo kamar faɗin tafin hannu, dushi-dushi, mai kaushi in ka shafa.

Ni ce Nomcebo, autarsa, kuma a kan tabon nan na girma, don nan yake ɗora ni in za mu je coci. Tun rasuwar Mama ni nake zaune da shi a gidanmu na Edendale. Ban taɓa ganin ya tada babur ɗin nan ba tare da ya fara ɗora hannu a wurin ba.

Bara idanun Baba suka fara tafiya. Likita ya faɗa masa gaskiya, in lasisinsa ya ƙare a ƙarshen shekara, ba mai sabunta masa. Baba ya dawo gida ya sha shayinsa, sai da na zo kwashe kofi ya ce, "Ina so in shiga jerin gwanon nan sau ɗaya. Ta cikin ƙofa."

Na ce, "Wane jerin gwano? Na mutanen da suka tsayar da kai a rana kamar turke?"

"Shi."

Ba a shiga sai babur yana da rajistar masu adana kayan tarihi, wato 'yan kulob su zo su duba shi, su yarda, su ɗaura masa bajon tagulla a gaba. Yayana Khulani, wanda ke aikin inshora a Durban, shi ya ɗauki maganar da zafi. Khulani mutum ne da in Bature ya yi masa murmushi sai ya yi mako yana ba da labari.

Wanda 'yan kulob suka turo wani tsoho ne, Mista Ridgway, da gajeren wando da doguwar safa har gwiwa. Yana shigowa tsakar gida ya tsaya, ya ƙura wa Baba ido, ya tafa hannu.

"Kai! Phineas! Ashe kana nan da ranka?"

Baba ya ce, "Ina nan, ranka ya daɗe."

Wannan "ranka ya daɗe" ta ƙona mini rai. Baba ya girme shi, kuma a gidansa yake tsaye.

Aka tada babur. Ridgway ya durƙusa ya kara kunne, ya ce injin ya fi nasa lafiya, bai kuma yi ƙarya ba. Daga nan ya shiga zagaye yana nuni da baki. Salansa ta yi tsatsa. Fatar kujera ta tsage. Duk waɗannan Baba ya yi ta gyaɗa kai. Sai mutumin ya zo kan tanki, ya sa farce ya ɗan kankari tabon, na ga kafaɗar Baba ta motsa.

"Wannan fa? Ruwan batir ne ya zube?"

Khulani, da ya zo daga Durban don a yi a gabansa, yana gefe yana washe haƙora. Na ce, "Matsarmamar akuya ce. Kakana ya zuba."

Ya yi irin dariyar nan da ake yi wa yaro in ya kawo zane. "Abin sha'awa. Amma ƙa'idarmu ita ce babur ya zama kamar ranar da ya fito daga masana'anta. Ba ni na kafa ta ba, ɗiyata. A gyara tankin, in dawo."

Yana fita na juya kan Khulani, wanda nake kira Bhuti, wato yaya a yarenmu, shi kuma yake ce mini Sisi, wato 'yar'uwa. "Bhuti, kai bakinka ɗinkewa ya yi? Yana kankarar hannun kakanka da farce kana tsaye kana washe haƙora?"

"Ke dai Sisi ba ki da aiki sai faɗa. Tabo ne fa! Tsohon nan abu ɗaya ya roƙa a duniya, za ki hana shi saboda kashin akuya?"

"Matsarmama, ba kashi ba. Zaman Durban har ya mantar da kai cikin akuya?"

"To matsarmamar ce za ta buɗe masa ƙofa? Je ki nuna musu ita a bakin fili mu gani."

Baba ya ɗaga hannu muka yi tsit. Ya ce, "A sayo mini samfefa. Ba wanda zai taɓa wurin nan sai ni."

Ranar Asabar da hantsi ya cire tankin, ya ajiye a kan benci a gindin lemo, da kwanon ruwa a gefensa. Ina wanki a bakin famfo ina jin ƙarar samfefar, shaa, shaa. Ba ya gani sosai, da hannu yake aunawa, ya goga, ya shafa, in ya ji sauran kaushi ya ƙara. Ruwan kwanon ya koma baƙi. Na ji haushinsa ranar, haushi na gaske, har na kasa kai masa abinci da kaina. Na ji haushin Ridgway, na ji na Khulani, amma nasa ya fi ci mini rai, don shi ya san abin da yake gogewa. Da ya gama ya zubar da ruwan a gindin lemon, ya wanke kwanon ya kife.

Khulani ya kai tankin wurin mai fenti a gari. Tankin ya dawo yana ɗaukar ido, baƙi wuluk, an ja farin layin tsaf, an bi shi da ruwan sheƙin nan da ake bin motoci da shi yanzu. Aka sake fatar kujera, aka goge salansa. Ridgway ya dawo, ya zagaya, ya ce madalla, ya ɗaura bajon da hannunsa. Khulani ya yi ta ɗaukar hoto kamar an yi haihuwa.

Motar Ridgway ba ta gama fita unguwa ba Baba ya ce, "A nemo mini akuya."

Khulani ya sauke wayarsa. "Akuyar me, Baba?"

"Zan hau hanyar teku a kan abin da mutanen gidanmu da suka riga mu ba su sani ba? Na goge shaidarsu, ai sai in mayar."

"Haba Baba! Bayan duk wahalar nan? Za su ga sabon tabo su kwance bajon!"

"A ranar taro, a gaban jama'a, za su sauke tsoho daga kan babur? Su gwada." Ya juyo gefena yana murmushi. "Na goge musu sun gani, sun ba ni abin da nake so. Saura nawa."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ashe tsohon da lissafinsa. Na ce, "Bhuti, je ka sayo akuya, ka zaɓo mai ƙatuwar matsarmama." Ranar na dafa wa Baba naman da yake so, na yafe masa samfefar.

Ana saura 'yan kwanaki taron aka yanka akuyar. Baba ya ƙona ganye, ya durƙusa da ƙyar a gaban babur, ya kira sunan ubansa da na uban ubansa. Ya ba su haƙuri. Ya ce wata buƙata ce ta sa ya taɓa abin da suka sa, ga shi ya dawo da shi. Ya fasa matsarmamar a daidai inda tsohuwar take, ya murza da babban yatsa kamar yadda aka yi masa. Muka tura babur ɗin tsakiyar rana muka bar shi, ya hana kowa matsawa kusa, har kaji sai da na kulle.

Ana gobe taro, bayan mun karya, ya fita ya ɗora hannu a kan tankin. Abin da ya bushe ya ɓare a ƙarƙashin yatsunsa, ya zube ƙasa kamar ɓawon ƙanzo. Ya sake shafawa. Ya shafa gaba, ya shafa baya, ya dawo tsakiya.

"Nomcebo, me kike gani a nan?"

Na matso. Fuskata na gani a cikin fentin, ba ko ɗigo.

"Ba komai, Baba."

Khulani ya saki ajiyar zuciya. "To ai shi ke nan! An yi al'ada, fenti bai ɓaci ba, kowa ya samu nasa."

Baba bai ko dube shi ba. Ya ce, "Sun ƙi."

Na ce, "Baba, ba su ba ne. Ruwan sheƙin nan ne, ba abin da ke kama shi, ko man birki sai ya daɗe. Tsohon fentin ba shi da wannan. Bari in ɗauko samfefa mu ɗan kankare saman, mu sake yanka wata."

"In kankare musu hanya da kaina, sannan in ce sun karɓa?" Ya girgiza kai. "Wancan karon ba wanda ya kankare komai. Ubana ya zuba, ya zauna. Ni na zuba, ya zube."

"Fenti ne kawai, Baba!"

"Wa ya sa aka yi fentin, 'yata?"

Ya ɗauko tamfol ya lulluɓe babur ɗin har da bajon, ya ɗora bulo a gefe don kada iska ta yaye.

Washegari da sassafe na same shi ya sa rigarsa ta fata da takalman tafiya. Na ɗauka ya sake shawara. Sai ya ce in raka shi mu hau motar haya. Khulani ya ce shi ba zai je ya ga abin kunya ba, ya koma ɗaki.

Filin ya cika. Ƙofa a buɗe take warai, ba mai tambayar kowa, ga baƙaƙe da Indiyawa a cikin masu baburan, yara na yawo da alewa. Na kama hannun Baba zan ja shi ciki, ya zame. Ya bi jikin waya a hankali har ya kai wani wuri kusa da ƙofar, ya tsaya. Ba sai an gaya mini ba, na san wurin.

Aka fara kiran masu tafiya da lasifika, ɗaya bayan ɗaya suna fita. Can sai na ji wata yarinya ta ce, "Mista Velaphi Sokhela." Ta faɗe shi daidai, ba ta ci ko harafi ba. Ta sake kira. Baba ya ɗan ɗaga kai, ya saurara har ta gama, ta wuce zuwa na gaba. Na so in yi ihu in ce ga shi nan, amma da na ga bai motsa ba sai na ƙyale shi.

Ridgway ne ya turo nasa babur ɗin bakin ƙofa, da hular kwano a ka. Ya hango mu.

"Phineas! Ina babur ɗin? Sunanka aka kira yanzu!"

Baba ya ce, "Ya ƙi tashi, ranka ya daɗe."

Babur ɗin da bai taɓa ƙin tashi ba tun ina goye.

"Kash! Haka tsofaffin nan suke. Ba komai, sai baɗi."

Ciyawar filin akwai raɓa, tayar wanda ke gabansa ta watsa wa fitilarsa laka. Ridgway ya leƙa ya duba, ya yi tsaki, ya fara lalube aljihunsa. Bai roƙi kowa ba, wannan zan shaide shi. Hannun Baba ne ya shiga aljihun rigar fatar da kansa, ya fito da tsumma a ninke. Shekara nawa ina wanke kayan mutumin nan, ban taɓa sanin yana ajiye shi a nan ba.

Ya taka zuwa bakin ƙofa, ya sunkuya, ya lalubi fitilar da hannu ɗaya, ya share ta da ɗayan, ya bi gefe-gefe har ta yi fes.

"Na gode, Phineas," in ji Ridgway, ya ba da wuta ya bi sauran.

Baba ya tsaya har ƙarar ta ɓace a kan hanyar teku. Sannan ya ninke tsumman ya mayar aljihu, ya miƙo mini hannu ya ce in kama shi, ba ya ganin ramukan hanyar.